Yutofiya da Mutanen Hayin Ruwa

Idan ɗan siyasa ya yi alkawarin da kowa ya san ba zai cika ba, 'yan boko masu sharhi sukan ce wannan ai Yutofiya ce. Abin da suke nufi shi ne wata ƙasa ta mafarki, inda babu yunwa, babu zalunci, babu attajiri balle matsiyaci. Yawan jin kalmar a haka ya sa wasu suka ɗauka wata tsohuwar daula ce da ta taɓa wanzuwa ta shuɗe. Wannan kuskure ne mai sauƙin gyara, domin Yutofiya ƙirƙira ce ta wani marubuci. Kuskuren da ya fi yaɗuwa, har a tsakanin waɗanda suka san ƙirƙira ce, shi ne zaton cewa ƙasa ce ta zaman lafiya zalla, wadda ba ta taɓa taka maƙwabci ba.

Wanda ya karanta littafin har ƙarshe ya san ba haka abin yake ba. Yutofiya tana da yankunan da ta dasa mutanenta a hayin ruwa bayan ta kori masu wurin. Tana da ƙasashen da ta ci da yaƙi, tana kwasar kuɗin shiga daga gonakinsu duk shekara. Tana kuma da maƙwabtan da jami'anta ne ke riƙe da mulkinsu. Adalcin da aka san ta da shi na 'yan cikin tsibiri ne. Waɗanda ke waje wata doka ce ke hawa kansu.

## Littafin da mai shi

Thomas More lauya ne ɗan Landan, an haife shi a 1478. A 1515 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya sa shi cikin tawagar da aka tura birnin Buruj, a Beljiyam ta yau, domin sasanta wata taƙaddamar ciniki. Tattaunawa ta tsaya cik na wani lokaci, sai More ya wuce Antwaf wajen wani masani mai suna Peter Giles. A wannan zaman jira ne ya rubuta mafi yawan kashi na biyu na littafin, wanda ke bayanin tsibirin. Kashi na farko sai da ya koma gida ya ƙarasa shi. An buga littafin da harshen Latin a garin Luben a 1516, da taimakon abokinsa Erasmus, kuma ba a fassara shi zuwa Ingilishi ba sai a 1551, shekara 16 bayan sarkin da ya yi wa hidima ya sa an fille masa kai saboda ya ƙi amincewa da shi a matsayin shugaban cocin Ingila.

Sunan daga harshen Girka aka haɗa shi, ma'anarsa wurin da babu shi. Labarin kuma ba da bakin More yake fitowa ba. Ya ƙirƙiri wani matafiyi ɗan Fotugal, Rafayil Hitlode, wanda ya ce ya bi Amerigo Vespucci a tafiye-tafiyensa zuwa sabuwar duniya, aka bar shi can tare da wasu, ya yi ta yawo har ya faɗa tsibirin ya zauna fiye da shekara 5. Sunan Hitlode ma yana nuni da mai tallar shirme. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin zai yi amfani idan aka zo kan tambayar abin da More yake nufi.

Ko daula ce mai sarki? A farko, i. Sarki Yutofus ne ya kafa ta. Amma a zamanin da Hitlode ya je, babu sarki guda da ke bisa tsibirin duka. Birane 54 ne masu harshe ɗaya da doka ɗaya, kowanne da shugabansa da wakilan unguwanni suka zaɓa a asirce, yana riƙe da muƙamin har mutuwa in ba a zarge shi da neman zama azzalumi ba. Kowace shekara kowane birni yakan tura dattawa 3 zuwa Amorot, babban birni, a tattauna lamarin ƙasa. Babu mallakar dukiya ta ƙashin kai, babu kuɗi a hannun kowa, aiki awa 6 ne a yini.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin jama'a duk wani iko da wata ƙasa ke yi a kan wata "mulkin mallaka" ne. Kalmar ta yi faɗi da yawa, kuma littafin More ya rarrabe abubuwan da take rufewa.

Akwai kama-wuri-zauna, wato ƙasa ta kwashi mutanenta ta dasa su a ƙasar wasu, su zauna dindindin da dokarsu, su yi noma su hayayyafa. Abin da ake nema a nan ƙasar ce kanta, mutanen da aka tarar kuwa sai dai su saje ko su kauce. Akwai mamaya bayan yaƙi, inda ba a damu da zama ba, amfanin ƙasar ake so, sai a ɗora wa wanda aka ci diyya a bar wakilai su riƙa karɓa. Sannan akwai riƙon ƙasa da sunan taimako: ƙasar tana nan da sunanta da tutarta, amma baƙo ne ke zaune a kujerar hukunci. Yutofiyawa suna yin duka ukun. Waɗanda suka karɓi jami'ansu suna kiran su ƙawaye, waɗanda suka ci moriyarsu ta wata hanya kuma abokai. Ba sa ƙulla yarjejeniya da kowa, wai don sun ga sarakunan yankin ba sa cika ta. Ma'anar wannan a aikace ita ce babu wata takarda da ƙawa ko aboki zai ɗaga ya ce ga haƙƙinsa.

## Asalin tsibirin ma mamaya ce

Kafin Yutofus, wurin ba tsibiri ba ne. Wani yanki ne mai suna Abaraksa da ke manne da babbar ƙasa, da mutanensa waɗanda littafin ya kira jahilai marasa wayewa. Yutofus ya ci su da yaƙi cikin sauƙi, saboda ya tarar suna rigima a junansu kan addini. Da ya kama ƙasar sai ya sa aka haƙa mashigin ruwa mai faɗin mil 15, teku ta kewaye ta. Ya sa sojojinsa sun yi haƙan tare da mutanen da aka ci, don kada su ɗauki aikin a matsayin wulaƙanci. Daga nan ya sa wa ƙasar sunansa, ya tsara birane, ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya ga dama.

Wannan labari shi ne madubin da Yutofiyawa ke duba kansu. Kakanninsu an ci su da yaƙi, aka wayar da su, suka zama mafi dacewar al'umma a duniya. Wanda ya tashi da wannan tarihi a kansa ba zai ga laifin yi wa wani haka ba. A ganinsa alheri ya kai masa.

## Lissafin gidaje, da inda yake kaiwa

Abin mamaki shi ne maganar kama ƙasar wasu ba a babin yaƙi ta fara fitowa ba. Ta fito ne a tsakiyar bayanin zaman iyali, kamar wani ƙaramin sharaɗi na ƙidaya.

Kowane birni gida 6,000 ne, ban da na karkara. Kowane gida kada baligai su gaza 10, kada su wuce 16. Idan aka buga lissafi, biranen 54 suna ɗauke da baligai tsakanin miliyan 3 da ɗoriya zuwa miliyan 5 da ɗoriya, alhali Ingila ta zamanin More duka ba ta kai mutum miliyan 3 ba. Gidan da ya cika ya batse, sai a ɗebi wasu a kai gidan da ke da gibi. Birnin da ya cika, a kai rarar wani birni. To idan tsibirin duka ya cika fa? A nan ne ake zaɓo mutane daga kowane birni, a haye ruwa da su zuwa babbar ƙasa, a nemi wurin da mazauna suke da fili fiye da abin da suke nomawa, a kafa gari bisa dokokin Yutofiya.

Mutanen da aka tarar ana ba su zaɓi. Wanda ya yarda ya zauna da baƙin, ya bi dokarsu da al'adarsu, an karɓe shi, kuma Hitlode ya ce kowa na cin riba, domin da dabarun noman Yutofiyawa ƙasar da a da ba ta ishi al'umma ɗaya ba sai ta ciyar da biyu. Wanda ya ƙi, a kore shi daga iyakar da baƙin suka shata wa kansu. Wanda ya tsaya ya yi turjiya, a yaƙe shi. Hujjarsu kuwa ita ce zuciyar al'amarin duka: a wajensu babu yaƙin da ya kai wannan halacci, idan wata al'umma tana riƙe da ƙasar da ba ta amfani da ita, ta bar ta a banza, ta kuma hana wasu waɗanda bisa ɗabi'ar halitta ya kamata su ci daga gare ta.

Hujjar tana da ƙarfi a fuska, ba za a ce ba ta da shi ba. Ga mai jin yunwa, ga ƙasa a kwance, wa zai ce a bar ta? Har a fiƙihun Musulunci akwai babin raya matacciyar ƙasa, inda wanda ya farfaɗo da filin da ba na kowa ba yake mallakarsa. Sai dai malamai sun ɗaure babin da sharuɗɗa. Dole filin ya zama ba shi da mai shi. A mazhabar Malikiyya, wanda ke kusa da gari sai da izinin shugaba. Makiyayar gari da inda mutanensa ke yin itace kuwa ba su cikin matacciyar ƙasa, ko da ba a taɓa sa musu garma ba. Dokar Yutofiya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta yarda ƙasar tana da masu ita, amma ta ce rashin noma ya zubar musu da haƙƙi.

Sannan wa ke yanke hukuncin cewa ƙasa a banza take? Baƙon da ke buƙatarta. Duk manomi ya san saura ba kango ba ce, hutawa take yi kafin a dawo mata. Burtali da mashaya da dajin farauta, duk idon da ya saba da kunya-kunya a jere zai gan su kamar ba a amfani da su. Mai ƙara shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartarwa. A duk faɗin littafin ba a ba ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka kora damar buɗe baki ba.

Akwai wani sharaɗi na ƙarshe da ke fallasa matsayin waɗannan garuruwa. Idan annoba ta rage mutanen tsibiri har gibin ya gagari cikewa daga sauran birane, abin da aka ce ya faru sau 2 a tarihinsu, sai a kira 'yan hayin ruwa su dawo gida. Sun gwammace garuruwan waje su mutu da a ce birni ɗaya na tsibiri ya rage. Wato garin da aka zubar da jini aka kafa ba komai ba ne illa rumbun ajiye rarar mutane. 'Yan ƙasar da suka bar dokarsu suka saje da baƙi, ranar da baƙin suka tattara suka tafi, su ne za su kwana da maƙwabtan da aka kora saboda su. Majalisar Amorot kuwa ta biranen tsibiri ce.

## Aron hakimai

Riƙon ƙasa da sunan taimako ya fi laushi. Wasu maƙwabta, waɗanda da yawansu Yutofiyawa ne suka 'yantar da su daga azzaluman sarakuna, sukan zo da kansu su roƙi a ba su jami'an da za su mulke su, wasu na shekara 1, wasu na shekara 5. Idan wa'adi ya cika sai a raka su gida da girmamawa a ɗauko sababbi. Hitlode ya yaba wannan tsari ƙwarai. Dalilinsa biyu: ba a iya sayen jami'in da cin hanci, tunda zai koma inda kuɗi ba su da amfani, kuma ba shi da ɗan'uwa ko abokin gaba a garin da zai sa ya karkata hukunci.

Duk wanda ya ga yadda kwaɗayi da son kai ke lalata shari'a zai ji daɗin wannan bayani. Abin da ba a faɗa ba shi ne al'ummar da ta shekara aru-aru tana aron masu mulki ba za ta taɓa koyon mulkin kanta ba, kuma wanda sojanka suka ɗora shi kan ƙafarsa, roƙon da zai yi maka ba lalle ne ya fito daga zuci ba.

## Zinariya a gida, zinariya a waje

Kowa ya ji labarin yadda Yutofiyawa ke wulaƙanta zinariya: da ita suke ƙera tukwanen bayan gida da sarƙoƙin ɗaure bayi, lu'ulu'u kuma abin wasan yara ne. An fi kawo wannan a matsayin darasin gudun duniya. Amma me ya sa suke tara ta tun farko? Don waje.

Bayan sun ajiye abincin shekara 2, sukan fitar da rarar hatsi, zuma, ulu, katako, fatu da dabbobi zuwa ƙasashen waje. Kashi ɗaya cikin 7 sukan ba talakawan ƙasar kyauta, sauran su sayar da rahusa, mafi yawa bashi. Bashin kuma ba a wuyan ɗan kasuwa suke barin sa ba, sai hukumar birnin ta sa hannu ta ɗauki lamuni. Ba safai suke tambaya ba, sai in yaƙi ya taso ko suna son ranta wa wata ƙasa. Ta haka biranen maƙwabta da yawa suke zaune da bashin Yutofiya a kansu, ba su san ranar da za a ce a kawo ba.

Idan yaƙin ya zo, zinariya ce ke fara fita kafin takobi. Sukan sa a liƙa takardu a ɓoye cikin ƙasar abokan gaba, da alkawarin lada mai tsoka ga wanda ya kashe sarki ko manyan fadawansa, ninki biyu ga wanda ya kawo su da rai. In wannan bai ci ba, su zuga ƙanin sarki ko wani basarake ya nemi gadon sarauta, ko su tono wa maƙwabcinsa wata tsohuwar rigimar iyaka. In dole sai an gwabza, sai su yi hayar Zafoletawa, wasu mutanen duwatsu da ke mil 500 gabas da su, waɗanda sana'arsu ke nan. Masu nazari sun daɗe suna ganin da sojojin hayar Suwizalan na zamanin More ake. Su ake turawa inda ya fi haɗari, kuma Yutofiyawa ba su damu da yawan waɗanda za su mutu ba, har suna ganin da za a share irinsu daga doron ƙasa da an yi wa 'yan Adam gata. Bayan su sai sojojin ƙasar da ake yaƙin dominta, sai na sauran abokai, 'yan tsibiri su ne na ƙarshe.

Wannan jeri shi ne ainihin taswirar daular. Ran ɗan tsibiri ne mafi tsada, na ƙawa da aboki na biye, na ɗan haya kuwa ba a ma lissafa shi.

## Bayan an ci gari

A nan ma akwai abin yabo, idan aka gwada da yaƙe-yaƙen Turai na ƙarni na 16. Ba sa ƙona amfanin gona, ba sa taɓa wanda ba ya ɗauke da makami in ba ɗan leƙen asiri ba ne. Garin da ya miƙa wuya an kare shi. Wanda aka ci da ƙarfi ma ba a washe shi, sai dai a kashe waɗanda suka hana miƙa wuya, sauran mayaƙa a bautar da su. Waɗanda suka ba da shawarar a sallama ana ba su wani kaso daga dukiyar waɗanda aka hukunta.

Sai maganar kuɗin yaƙi. Ba a tambayar abokan da aka taimaka ko anini. Wanda aka ci shi ke biya. Wani ɓangare tsaba, wani ɓangare kuma gandaye, manyan gonaki da za su riƙa kawo kuɗin shiga har abada. Hitlode ya ce irin waɗannan gandaye sun bazu a ƙasashe da yawa, kuma abin da suke kawowa ya haura dukat 700,000 a shekara. Dukat tsabar zinariya ce ta birnin Banis mai nauyin kusan giram 3 da rabi, wato ana maganar zinariya kusan tan 2 da rabi duk shekara. Don kula da su ake tura wasu 'yan tsibiri a matsayin ma'aji, su zauna can cikin ƙasaita, suna shiga da fita kamar manyan sarakai. Mutumin da a gida tufafinsa iri ɗaya ne da na kowa, yana cin abinci a zauren unguwa, da ya haye ruwa sai ya zama mai gandu da barori. Daga cikin gandayen nan ne kuma ake sallamar waɗanda suka ci amanar sarakunansu.

Ko bayin da ke yanka da share ƙazanta a tsibirin, ba duka ne 'yan gida masu laifi ba. Akwai fursunonin yaƙi, akwai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a wasu ƙasashe aka sayo su da arha ko aka karɓo kyauta, akwai kuma talakawan waje da suka zaɓi bauta a Yutofiya a kan yunwa a gida.

## Me More yake nufi?

A nan masana suka rabu, kuma rabuwar takan bi zamanin da kowannensu ya rayu.

Karl Kautsky, a littafinsa na 1888, ya ɗauki More a matsayin kakan 'yan gurguzu, ya mai da hankali kan soke mallakar dukiya ta ƙashin kai. Da wannan fahimta aka rubuta sunan More a jikin wani ginshiƙin tunawa kusa da fadar Kiremlin a Mosko a 1918. Masu wannan ra'ayi ba su cika tsayawa kan babin hayin ruwa ba.

Masanin tarihi Bajamushe Hermann Oncken shi ya tsaya a kansa. A 1922 ya ce littafin ya riga ya zana halin daular Birtaniya tun kafin a haife ta: tsibiri mai ganin kansa ya fi kowa tarbiyya, mai yaƙi da kuɗi da hannun wasu, mai lulluɓe son ransa da rigar ɗa'a. Ba a rasa dalilin da ya sa Bajamushe zai ga haka a lokacin ba. Shekara 3 kafin nan aka ƙwace wa Jamus Kamaru da Togo da sauran yankunanta, aka kuma ɗora mata diyyar yaƙi. Masu sukar Oncken sun ce ya karanta 1919 ne a cikin 1516, domin Ingila ta zamanin More kusan ba ta da komai a hayin ruwa sai Kale a gaɓar Faransa da wani yanki na Ayalan. Garinta na farko mai ɗorewa a Amurka, Jamestown, sai a 1607. Sun ƙara da cewa samfurin More na dā ne. Aflatun ya riga ya ba da shawarar a tsayar da gidajen birni a 5,040 a tura rarar waje, kuma rabon maƙwabta zuwa ƙawaye da abokai, har da sunan muƙamin ma'ajin, daga Rumawa aka aro su. Duk da haka ba za a ce tunanin ƙetare bai shiga gidan More ba: a 1517 mijin 'yar'uwarsa, John Rastell, ya tashi da jiragen ruwa da niyyar zuwa sabuwar duniya, matuƙa suka yi masa tawaye, tafiyar ta ƙare a Ayalan.

R. W. Chambers a 1935 ya bi wata hanya. A ganinsa Yutofiyawa mutane ne da ba su da wahayi, hankali kaɗai ke ja musu gora, kuma More ya zana su ne don ya kunyata Kiristocin Turai, ba don a kwaikwayi duk abin da suke yi ba. C. S. Lewis kuma ya ce a daina ɗaukar littafin da nauyin da bai ɗora wa kansa ba, raha ce ta masana.

Abin da ke cikin littafin kansa ya fi goyon bayan masu cewa More bai sa hannu a kan komai ba. A kashi na farko Hitlode ɗin nan ne ya kawo labarin Akoriyawa, waɗanda sarkinsu ya ci wata ƙasa da yaƙi, riƙonta ya zame musu masifa, kullum tawaye, kullum haraji, har talakawa suka ce masa ya zaɓi ɗaya cikin biyun, domin ba a raba sarki. Shi ne kuma ya la'anci masu filayen Ingila da ke korar manoma su killace ƙasa don kiwon tumaki. Mutumin da ya yi wannan kuka shi ne ya zo a kashi na biyu yana ba da labarin korar wasu manoman ba tare da ko gezau ba. Da wuya a ce lauya mai kaifin basira irin More bai lura da wannan karo ba. A ƙarshen littafin ma, da bakinsa, ya lissafa hanyoyin yaƙin Yutofiyawa cikin abubuwan da ya ga ba su da kan gado. Fahimtar da ta fi zama daidai ita ce ya ɗauki tunani guda, wato ƙasar da ta sa jin daɗin 'ya'yanta gaba da komai, ya bi shi har inda ya tsaya, ya bar mai karatu ya ga wanda ke biyan kuɗin.

## Inda hujjar ta sauka a duniyar zahiri

Ko da wasa More yake yi, waɗanda suka zo bayansa da gaske suka yi. John Winthrop, kafin ya jagoranci masu ƙaura zuwa Masacusets, ya kafa hujja a 1629 da cewa 'yan asalin Amurka ba su killace ƙasa ba, ba su da dabbobin noma, saboda haka in an bar musu abin da zai ishe su, sauran halal ne. John Locke a 1689 ya gina ka'idar mallaka a kan aikin da mutum ya zuba a ƙasa. Emer de Vattel a 1758 ya shigar da wajibcin noma cikin dokar ƙasa da ƙasa. Ba wai daga littafin More suka kwafa ba. Tunani ne da ke yawo a Turai, More dai yana cikin waɗanda suka fara rubuta shi a fili. A Ostireliya, inda Turawan Ingila suka sauka a 1788, sai a 1992 babbar kotun ƙasar, a shari'ar Mabo, ta yi watsi da da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita. A Kenya da Rodeshiya ta Kudu da irin wannan hujja aka keɓe wa Turawa ƙasa mafi albarka. Dokar rabon ƙasa ta Rodeshiya ta 1930 ta ba su kusan rabin ƙasar.

Arewacin Nijeriya bai ga 'yan kama-wuri-zauna ba. Abin da ya gani ya fi kusa da aron hakimai, Razdan da Di'o masu zuwa su yi wa'adi su tafi, da bambanci guda babba: ba wanda ya aika a kira su. A Sakkwato a 1903 Lugga, jagoran mamayar Ingila, bai ɓoye ba, ya ce abin da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila da yaƙi. A littafinsa na 1922 kuma, shekarar da Oncken ya yi nasa sharhin, ya kafa hujja da cewa albarkatun ƙasashe masu zafi suna lalacewa a banza saboda mutanensu ba su san amfaninsu ba, duniya kuwa tana da haƙƙi a kansu.

Akwai kuma wanda ya ɗauki ɗaya fuskar littafin. Vasco de Quiroga alƙali ne da Sifaniya ta tura Mekziko, ya isa babban birninta a 1531, shekara 10 bayan faɗuwar daular Aztek. Ya karanta littafin More, ya ɗauke shi da gaske, ya sayi fili da kuɗinsa ya kafa garin Santa Fe kusa da birnin Mekziko a 1532, da wani a Micowakan a 1533, domin 'yan ƙasar da mamaya ta ɗaiɗaita. Ya tsara musu gonar gamayya, manyan gidaje na dangi, zaɓen shugabanni da aikin awa 6, kusan yadda Hitlode ya bayyana. Jami'in mamaya ne, kuma shigar da mutanen Kiristanci na cikin manufarsa, amma dokar cikin tsibiri ya ba su, ba ta hayin ruwa ba. Garin na biyu, Santa Fe de la Laguna, yana nan har yau a bakin tafkin Paskuwaro, kuma mutanen Furefeca da ke cikinsa suna kiran Quiroga da Tata Vasco, wato Baba Vasco.